Batir, fetur ko duka biyun: wace mota ce za ta riƙe ka inda wuta ba ta da tabbas?

Kwanakin baya wani ƙanina ya kira ni daga filin sayar da motoci, muryarsa cike da ɗoki. Motoci uku aka jera masa, kowacce dillali ya rantse masa cewa "ba ta shan mai". Ta farko tsohuwar Toyota Prius ce. Ta biyu Mitsubishi Outlander mai murfi biyu, ɗaya na fetur ɗaya na caji. Ta uku kuwa 'yar China ce sabuwa dal, ba ta da ko salansa. Ya ce, "Yaya, duka dai masu batir ne, wacce ta fi?" Na ce masa ya dakata da biyan kuɗi, ya fara gaya min awa nawa ake kawo wuta a layinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce wani lokaci shida, wani lokaci a kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba. A nan amsar take, ko da yake shi bai gane ba a lokacin.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, hirar mota ta canza a majalisu. A da, ƙarfin inji ake tambaya da sauƙin kayan gyara. Yanzu tambayar farko ita ce lita nawa take sha. Dillalai ma sun koyi kalmar haibirid, wato ruwa-biyu, mota mai haɗa fetur da batir, suna liƙa ta a kan duk motar da ke da ƙarin batir. Alhali motoci iri huɗu ne ake cuɗawa, kuma abin da ya raba su shi ne yadda kowacce ke raba aiki tsakanin hanyoyin ƙarfinta, da inda ƙarfin yake fitowa tun asali.

Kafin a kwatanta, sai an samu mudu guda na awo. Mudun shi ne yunit, wannan dai da muke saya mu loda a mita. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Amma injin mota na yau da kullum, musamman a cikin gari, da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa taya. Sauran zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Ko injin Prius na 2015, wanda Toyota ta yi alfahari da shi, kashi 40 cikin ɗari ya kai a lokacin da yake aiki a mafi kyawun yanayinsa. Injin lantarki kuwa yana mayar da fiye da kashi 90 na wutar da aka ba shi zuwa juyi. To me ya hana kowa komawa lantarki? Nauyi da tsada. Tankin lita 45 yana riƙe da kimanin yunit 400, mutum biyu za su iya ɗaga man. Batir mai yunit 60 kacal yakan yi nauyin kilo 400 ko kusa da haka. Fetur ya iya ajiya amma mai ɓarna ne wurin aiki, batir mai tattali ne wurin aiki amma ma'ajinsa ƙarami. Duk ƙirar motocin nan sulhu ne tsakanin waɗannan biyun.

Wanda ke yin sulhun kwamfutar motar ce. Duk wanda yake da inbata a gida ya san aikin: in an kawo wuta a yi guga a cika batir, in rana ta take a bar sola ta ɗauki firji, in komai ya ƙare a tayar da janareta, kuma kar a bari batir ya sauka ƙasa da wani layi don kar ya mutu da wuri. Hakan kwamfutar take yi, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, tana duba ƙafarka a kan totur, da gudun mota, da abin da ya rage a batir, da zafinsa. Ingancin wannan hukunci shi ne rabin ingancin motar.

Ruwa-biyu marar soket

Wannan ita ce ƙirar da Toyota ta fito da ita a Japan a Disambar 1997 da sunan Prius, daga baya ta sa ta a Camry, Corolla, RAV4, Highlander da Lexus. Ba a caja ta a bango ko sau ɗaya. Duk ƙarfinta daga fetur yake, sai dai ba ta yarda ta zubar da shi.

A cikinta akwai injin fetur da injinan lantarki biyu, an haɗa su da wani rukunin haƙoran giya mai sassa uku. Babu kuloci, babu canjin giya, babu kik. Ƙaramin injin lantarkin shi ke tayar da injin fetur, shi ke samar da wuta, kuma ta hanyar saurin juyinsa ne kwamfuta ke zaɓar wa injin fetur gudun da ya fi tattali, ko da motar tana tafiya a hankali. Babban kuwa shi ke tura taya, shi ne kuma ke komawa janareta idan ka taka birki, ya mayar da gudun motar zuwa wuta maimakon ya ƙone a jikin birki.

Sai ka shiga gosulo za ka ga amfanin. Ka tsaya a danja da rana tsaka, injin ya mutu ɗif, amma esi na ci gaba da hura sanyi, domin tun daga Prius ta 2003 kwamfiresan esi da lantarki yake aiki. Aka ba da hannu, motar ta silale ba ƙara, sai ta ɗan ɗauki gudu sannan injin ya farka ba tare da ka ji girgiza ba. A gwajin hukumar Amurka, Prius ta 2010 zuwa 2015 tana shan abin da bai kai lita 5 ba a kilomita 100, inda Corolla ta wannan zamani take shan kusan 8. A cikin gari tazarar ta fi haka faɗi. A kan doguwar hanya, in ka danne totur kana 120, tazarar tana raguwa, domin babu birkin da za a ci ribarsa, injin fetur ne ke aikin kusan duka.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙira shi ne ƙanƙantar batirin da yadda ake lallaɓa shi. Yunit 1.3 ne kacal, kuma kwamfuta ba ta barinsa ya cika ko ya ƙare. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da kashi 80. Ko ka ga alamar batir ta cika a allo, a zahiri bai cika ba. Wannan rowar ce ta sa batir ɗaya yake yin shekara goma ko fiye, kuma ita ta sa direbobin tasi a biranen duniya suka rungumi motar.

Matsalarta a wurinmu ƙura ce da zafi da rashin sani. Batirin da iska ake sanyaya shi, wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar daga cikin mota, ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. Na tsaya a wani gareji bayan hunturu ana buɗe wannan fanka. Da bakaniken ya ciro ta, ba ka ganin fikafikanta, ƙura ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar tsumma. Mai motar ya zo ne da niyyar sayen sabon batir, domin fitilar gargaɗi ta kama, motar ta yi nauyi. Aka wanke fankar da buroshi, aka goge lambar matsalar, motar ta dawo hayyacinta. Da ya ƙara wata uku a haka, da batirin ya dahu da gaske. Wasu kuma da hannunsu suke toshe kafar, da dadduma ko jakar yara ko rigar kujera.

Sauran tarkon: man kwamfiresan esi na musamman ne, wanda ba ya ɗaukar wuta. In mai gyaran esi ya zuba na gama-gari, wutar batir tana iya yoyo ta cikinsa, motar ta ƙi tashi. Ƙaramin batir mai bolt 12 shi ke tayar da kwamfuta, in ya yi sanyi motar za ta yi ta nuna alamu masu tsoratarwa alhali babban batir lafiyarsa lau. Ba a son a ajiye ta wata da watanni ba a tayar ba. Prius ta 2010 zuwa 2015 kuma an san ta da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wanda in aka yi sake yana kaiwa ga ƙonewar gasket. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin motar, ba ta taɓawa ba ce ga wanda bai koya ba. Batirin kansa ya haura bolt 200.

A kula da wata da ake sayarwa da sunan haibirid alhali ɗan taimako kawai take da shi: batir mai bolt 48 da ƙaramin inji da ke tallafa wa na fetur wurin tashi. Ba ta iya tafiya da lantarki zalla, ragin man da take yi kaɗan ne. Ba laifi ba ce, amma kar a biya mata kuɗin cikakkiyar ruwa-biyu.

Mai janareta a cikinta

A nan injin fetur ba shi da wata alaƙa da taya. Aikinsa juya janareta, janareta ya ba batir da injin lantarki. Nissan ce ta yi fice da wannan, da tsarin e-POWER da ta sa a motar Note a Japan a 2016, da batir mai kimanin yunit 1.5, ba soket. Tuƙinta daɗi, domin tana amsa totur nan take kamar motar lantarki zalla, kuma a cikin gari tattalinta na kusa da na Toyota. Rauninta a babbar hanya yake: juyi ya koma wuta, wuta ta koma juyi, a kowane sauyi ana yin asara, alhali Toyota tana miƙa mafi yawan ƙarfin inji kai tsaye zuwa taya. Ga kuma batun sitiyari. Yawancin Note na kasuwar Japan ne, sitiyarinsu a dama, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama da sitiyari a hagu. Juya sitiyarin mota mai tarin wayoyin lantarki kasada ce da ba zan ba kowa shawarar yi ba.

Akwai 'yar'uwarta mai babban batir da ɗan ƙaramin inji na ko-ta-kwana, kamar BMW i3 mai inji silinda biyu da tankin da bai wuce lita 9 ba. Ita ce ta nuna wa duniya cewa lokacin tayar da inji yana da muhimmanci kamar girmansa. A ƙirar da aka sayar a Amurka, injin ba ya tashi sai batir ya kusa ƙarewa. Masu ita suka riƙa kuka cewa in suka haɗu da dogon tudu a wannan hali, motar tana rage gudu da kanta, domin ɗan injin ba ya iya biyan buƙatar hawa shi kaɗai. Ka kwatanta kanka a Hawan Kibo kana nufin Jos, tirela a bayanka, mota ta ƙi ja. Kamfanonin China irin su Li Auto sun ɗauki wannan ƙira da inji mafi girma da tanki na sosai, abin ya karɓu a can.

Ruwa-biyu mai soket

Ita ce mai murfi biyu, a bayanta sau da yawa za ka ga an rubuta PHEV. Batirinta yakan kama daga yunit 8 zuwa 20 ko fiye. Outlander ta farko, ta 2013, yunit 12 ne. Toyota RAV4 Prime ta 2020 yunit 18.1, tana yin kilomita 68 a gwajin Amurka kafin ta taɓa fetur. Chevrolet Volt, wadda ɗan Sakkwato Jelani Aliyu ya zana siffar samfurinta na farko lokacin yana aiki a General Motors, ta fito kasuwa a ƙarshen 2010 da batir mai yunit 16, amma kwamfuta ba ta barin a yi amfani da fiye da kimanin 10, saboda dai wancan dalili na tsawon rai. An daina ƙera ta a 2019, don haka duk wanda aka yi wa tayinta ya yi tunanin kayan gyara.

Hukuncin kwamfuta a nan mataki biyu ne. Da farko tana cin batir har ya sauka wani layi, sannan ta koma ruwa-biyu ta yau da kullum, tana riƙe layin. Outlander da tsarin DM-i na kamfanin BYD na China, wanda ya fito a 2021, suna da dabara ta uku: a ƙaramin gudu inji janareta ne kawai, a babban gudu wani kuloci yana haɗa shi da taya kai tsaye don a kauce wa waccan asara ta sauyi biyu. Yawancinsu suna da maɓallin da ke ce wa mota ta adana cajin da ke batir. Direba mai lura zai danna shi in ya hau hanyar Zariya, ya bar injin fetur ya yi aikin da ya fi ƙwarewa a kai, sai ya shiga cunkoson Kaduna sannan ya saki batir. Yunit ɗin da aka kashe a gosulo ya fi ceton mai a kan wanda aka kashe ana gudu.

A takarda babu wadda ta kai ta. Zirga-zirgar gari da wuta, tafiyar ƙauye da fetur, ba fargabar tsayawa a daji. Wasunsu ma suna da soket da ke ba da wuta waje: Outlander tana bayar da wat 1,500, wanda ya ishi fitilu da fanka da firji in an ɗauke wuta. Amma alkawarin duka ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato caji kullum. A Turai, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba, Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2024 daga na'urorin awon mai da ke jikin motocin, ta gano cewa hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a zahiri ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi. Babban dalili shi ne mutane ba sa caja su yadda aka zata. In haka ta faru a can, ina ga layin da ake kwana biyu ba wuta? Mai soket da ba a caja ta ta zama ruwa-biyu mai ɗauke da dakon batir na kilo ɗari ko ɗari biyu a banza, ta fi 'yar'uwarta marar soket tsada, kuma sau da yawa ta fi ta shan mai. Taura biyu ba ta taunuwa ga wanda ba shi da haƙoran: kana da inji da juyen baƙin mai da filogi, kana kuma da babban batir da caja, kowanne da nasa bakaniken.

Wanda ke cajin ma yana da nasa abin lura. In mota ta daɗe ba ta ƙona fetur ba, man yana tsufa a tanki, shi ya sa wasu ke tayar da injin da kansu ko batir a cike yake. Ba lalacewa ba ce, kar a kai ta gareji saboda haka.

Batir zalla

Za a ce ai wannan hanyar ƙarfinta ɗaya ce, babu abin rabawa. Akwai, sai dai rabon ya koma wurare biyu: cikin batirin, da gidanka.

Batirin ɗaruruwa ko dubban ƙananan batura ne, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran hukunci. Akwai na'urar da ke daidaita su, tana auna zafinsu, tana rage ƙarfin mota ko saurin caji in sun ɗauki zafi. A ƙasar da Afrilu ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, tambayar da ta fi kowacce ita ce: da me ake sanyaya batirin? Nissan Leaf ta farko, ta 2010, mai yunit 24, ba ta da tsarin sanyaya batir. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, suka fara ganin batirinsu yana zubar da ƙarfi tun bai shekara biyu ba. Irin waɗannan tsofaffin Leaf ɗin suna yawo a kasuwar motocin hannu da araha mai jan ido. Ni dai ba zan saya ba.

Sinadarin batirin ma yana da magana. Wanda ake kira LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda BYD ta yi suna da shi tun 2020, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ba ya damuwa da a cika shi fal. Mai nikel da kobalt ya fi shi kai nisa a nauyi ɗaya, amma ana son a tsaya a kashi 80 a cajin kullum, kuma ajiye shi a cike cikin rana yana tsufar da shi. Ga yanayinmu, LFP mai sanyaya ta ruwa shi ne zaɓina.

A saukowar tudu babban batir yana da riba. Mota mai tan ɗaya da rabi in ta gangaro mita 500, makamashin da ke cikin gangarowar ya kai kusan yunit 2. Motar lantarki za ta kwashe kaso mai tsoka ta ajiye. Prius kuwa ɗan wurin da ke batirinta bai fi rabin yunit ba, nan da nan ya cika, sauran sai ta zubar ta hanyar birkin inji. Amfanin harafin B da ke jikin giyarta ke nan.

Yanzu lissafin gida, wanda shi ne zuciyar maganar. Matsakaiciyar motar lantarki, in aka haɗa da esi da asarar caji, tana cin kimanin yunit 20 daga bango a kilomita 100. Prius tana cin lita 5. Ke nan lita ɗaya a Prius tana aikin yunit huɗu a motar lantarki. Riƙe wannan ma'auni, ka sa farashin yau. A Afrilun 2024 aka sa wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20, naira 225 a kowane yunit. Yunit 20 ya kama naira 4,500. In lita tana naira 900, lita 5 ma naira 4,500 ne. Kunnen doki. Motar lantarki ta doke Corolla da nisa, amma ba ta doke Prius a kuɗin tafiya ba sai in wutarka ta fi haka araha ko fetur ya ƙara tashi. Ribarta ta dindindin tana wurin gyara: ba juye, ba filogi, ba salansa, birki ma yana daɗewa.

Caji da janareta kuwa asara ce tsantsa. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita. Yunit 20 zai ci lita 10 ko fiye, wato ka fi mai Corolla ƙona mai, ga hayaƙi a tsakar gida.

Sola ce ke juya lissafin. A arewa, farantan da suka kai kilowat ɗaya suna ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. Mai yin kilomita 40 kullum yana buƙatar yunit 8, wato farantai na kilowat biyu a kan abin da gidan ke ci. Sai dai rana tana fitowa ne lokacin da motar take wurin aiki. Ko dai farantan su kasance inda motar ke wuni, kamar shago ko ma'aikata, ko ka sayi batirin gida da zai ajiye wutar zuwa dare, wanda ƙarin kuɗi ne da ƙarin asara. Soket na gida yana ba da kilowat 2 zuwa 3, don haka cika batir mai yunit 60 daga ƙasa zai wuce awa 20, alhali mai soket irin Outlander awa biyar zuwa shida ta ishe ta. Cajar da yawa ba sa aiki in gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, kuma tsohuwar wayar gida tana iya ɗaukar zafi in ta kwana tana jan wannan nauyi. Bakin caji ma ba ɗaya ba ne: na China daban, na Turai daban, na Amurka daban, na Japan daban. Ka tabbatar bakin motarka ya dace da tashar da kake sa ran zuwa.

Tashoshin kuwa har yanzu ƙidayayyu ne. Hukumar tsara motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, Abuja da Legas suna da wasu, gwamnatin Borno kuma ta sa tasi masu lantarki a Maiduguri a ƙarshen 2023. Irin na Maiduguri yana tafiya ne domin motocin suna zagaye a gari ɗaya suna komawa wurin cajinsu. Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400, kuma nisan da aka rubuta a takardar mota yana raguwa sosai in ana gudu da esi a kunne.

Akwai wasu hanyoyin ƙarfi da za ka ji ana yi musu kirari. Toyota Mirai ta 2014 tana samar da wuta daga iskar haidurojin, da ƙaramin batir da ke ɗaukar nauyin tashi da birki, amma ba ta da amfani ga wanda ba shi da gidan man haidurojin a garinsu. Akwai ma'ajin wuta mai saurin cika da saurin juyewa da Mazda ta sa a wasu motocinta daga 2012, wanda birnin Shanghai ma ya yi amfani da shi a bas-bas masu caji a tasha. Yana jure caji sau dubbai, amma abin da yake riƙewa kaɗan ne. Farantin sola a rufin mota kuwa, wat 200 a rana mai kyau bai fi yunit ɗaya ba, kilomita biyar ko shida. Kamfanin Lightyear na Holan da Sono na Jamus sun gina burinsu a kan wannan, a farkon 2023 dukansu suka dakatar da motocin.

To wa zai sayi wacce?

Wanda wutar layinsu ba ta da tabbas, ba shi da sola mai ƙarfi, ko yana haya inda mota ke kwana a waje, ya sayi ruwa-biyu marar soket irin ta Toyota, ya huta. Haka ɗan tasi, haka mai mota ɗaya tilo da ita ce ta kasuwa ita ce ta zuwa gida da salla. Mafi yawanmu a nan muke, kuma na fi ƙarfafa wannan shawara a kan duk sauran, domin ba ta neman komai daga gare ka sai fetur da tsabtar fanka, kuma kanikawan da suka san ta da kayan gyaranta sun fi samuwa.

Wanda yake da sola ta sosai ko wutar da ke kwana, zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce kilomita 50 ba, amma yana tafiyar nesa lokaci-lokaci, mai soket ta dace da shi, in har ya san halinsa: zai jona ta kowane dare kamar waya, ko kuwa bayan wata guda zai gaji? In akwai mota ta biyu a gidan, ko harkar duka cikin gari ce kamar kai yara makaranta da rarraba kaya, batir zalla ta fi mai soket sauƙin riƙo. Wanda kuma kullum yana kan babbar hanya, Kano zuwa Maiduguri da dawowa, ribar da zai samu a kowacce daga cikinsu ba ta kai ta ɗan gari ba, ya yi lissafi da kyau kafin ya biya ƙarin kuɗin.

In ta hannu ce, kar a yarda da alamar da ke allo. A je da mai na'urar duba kwamfutar mota ya karanta ƙarfin kowane rukunin batir. A Prius ya kamata su yi kusa da juna ƙwarai, in ɗaya ya yi ƙasa da sauran sosai lokacin da aka taka totur, batirin yana kan hanyarsa. A tuƙa ta minti ashirin da esi a kunne. Batirin da ke cika cikin minti biyu ya zube cikin minti biyu ya tsufa. Fanka mai ihu a bayan kujera alama ce ta zafi. A mai soket da batir zalla, a nemi adadin lafiyar batir daga na'urar, a kuma caja ta a gabanka kafin a biya.

Ƙanina ya koma filin washegari da mai na'ura. Rukuni biyu na batirin Prius ɗin sun nuna rauni, sai ya bar ta. Bayan mako uku ya samu wata Corolla ruwa-biyu da ta tsallake gwajin. Ranar da ya kawo min ita, abin da muka fara yi shi ne cire rigar kujerar baya da dillalin ya ɗaura, wadda ta rufe kafar iskar batirin ruf.